Ranar da Saniya Ta Wuce Ni a Asibiti

Ko me tsufa zai ƙwace mini, kuma ya riga ya fara ƙwata, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tara shaidu da kaina, na kwashe su har babban asibiti don su ga kaifin hankalina, na ɓige da ba su abin dariyar da har yau ba su gama yi ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubuta mini, don haka in kun ji na karkace ku yi haƙuri, haka bakin tsohuwa yake. Ba dariyar ce kaɗai take ci mini rai ba. A ranar nan na rasa ɗakin da na zauna da Malam a Tudun Wada tun ina da sauran ƙuruciya, kuma babu wanda ya ƙwace mini shi. Bakina ne ya bayar da shi.

Malam shi ne mijina, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. (Kada ku jira in faɗi sunansa. Mu a gidanmu mace ba ta kiran sunan miji, haka na tarar da uwata, haka na yi aurena har ya ƙare.) Goro yake sayarwa a bakin tasha. Wannan magana ta faru ne a shekarun nan da gari ya rikice, lokacin da mutum yake fita da safe bai sani ba ko zai dawo. Sojoji a kowace kwana, ɗan acaɓa ya sauka ya tura babur ɗinsa, mu mata a tsayar da mu a ƙofar kasuwa a laluba mana hijabi. Wata rana bam ya tashi kusa da inda yake zama. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya dawo gida da ƙafarsa, ba faifan goro, takalmi ɗaya. Jikinsa ko ƙwarzane babu, amma tun daga ranar kunnensa na hagu yake masa ƙara, in murfin tukunya ya faɗi sai ka ga ya zabura.

Bayan wani lokaci mai unguwa ya aiko cewa likitoci a babban asibiti suna neman dattawan da abin ya rutsa da su, da waɗanda suka yi gudun hijira, za a duba yadda firgita ta taɓa musu hankali. Aka ce Malam ya je, ni kuma na ce zan raka shi. Muka tafi mu uku da Ya Falmata, wata Babarbariya da ta gudo daga can gabas da jikokinta, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Kun san wasan Fulani da Barebari. Tun ranar da ta sauka ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Fulata, da yake ni Bafulatana ce, ni kuma in ce mata baiwata. Mun sha zagin juna, mun kuma sha cin tuwo a kwano ɗaya.

A can muka tarar da likitar, Rahila sunanta, 'yar Kaltungo, doguwa mai sanyin magana. Ta ce ni ma tunda na zo, kuma na ji ƙarar bam ɗin daga gida, in ina so sai a gwada ni. Na ce a gwada mana, da me aka fi ni?

Ga yadda ake yi. Za ka cire ɗankwali, a kifa maka wata hular roba mai wayoyi birjik kamar ragar kamun kifi, a ɗiɗɗiga maka wani abu mai sanyi kamar koko a fatar kai. Sai a zaunar da kai gaban akwati irin talabijin, a rage haske, a ba ka wani ɗan maɓalli a hannu. Da yake yawancinmu ba mu iya karatu ba, hotuna ake nuna mana. Akuya ta fito ta ɓace, akuya ta fito ta ɓace, can ba zato sai ga saniya. In ka ga saniya ka danna, in akuya ce ka ƙyale ta. Likita Rahila ta ce abu biyu suke dubawa: saurin hannu, da wani zane da wayoyin suke yi. Wai duk lokacin da kai ya lura da saniya zanen yakan yi tsalle, ko hannu ya danna ko bai danna ba.

To ni da aka haifa a ruga, na yi wayo a gindin saniya, a ce in gane ta a cikin awaki? Ranar kuwa kaina a tsefe yake, na wanke ban sami mai kitso ba, sai hular ta zauna daram. Na gyara zama, goro a kumatu, na yi bismillah. Wallahi kafin ta gama fito da ƙaho na danna ta. Da aka gama likitar ta yi murmushi ta ce, "Mama, sannu da ƙoƙari. Ko matasa ba kowa ke yin haka ba."

Malam kuwa, bawan Allah, shanu suka yi ta wuce shi, ya yi ta danna awaki. Ya fito yana sosa ƙeya yana cewa shi fa goro ya sani, da daushe da sabo aka nuna masa da an ga aiki. Likitar ta ce masa ba komai, Baba, za mu sake kiranku bayan wasu watanni a maimaita. Ta ƙara da wani dogon bayani a kan dalilin maimaitawar, amma ni na riga na ji abin da nake son ji, kunnena ya toshe.

Tun a cikin adaidaita na fara ba da labari. Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya zo ɗiban ruwa a famfon layinmu ya ji. Labarin kuma ya yi ta ƙiba a bakina. Da farko matasa na fi. Daga baya ya zama har likitocin ba su kai ni ba. A wani gidan suna a Kagarawal na ji kaina ina cewa a duk Gombe ba a sami kai irin nawa ba, inji ne ya faɗa, kuma inji ba ya ƙarya, ba shi da dangi balle ya yi son kai. (Allah ya yafe mini, har da ɗaga yatsa nake yi.)

Wanda ya fi kowa shan wannan wahala shi ne Malam. In ya tashi yana neman hularsa alhali tana kansa, sai in ce, "Ba laifinka ba ne Malam, inji ya riga ya faɗa." In ya kira akuyar maƙwabta ta shigo, sai in ce, "Ka tabbata ba saniya ba ce?" Shi kuma dariya kawai yake yi, har haƙoransa jajaye na goro su fito, ya ce, "Innar Auta, ki ci kasuwarki. Ai an ce za a koma. Ranar ni zan riƙe miki mayafi kina kuka."

Ba a koma da shi ba. Hawan jini ya kayar da shi wata rana bayan azahar, yana dawowa daga masallaci. Kwanansa kaɗan a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Har yanzu in na faɗi wannan sai na tsaya na share ido, ku yi haƙuri da ni.

Na shiga takaba a ɗakinmu. Ba kwalliya, ba turare, ba kitso, zane ɗaya mayafi ɗaya. Ni dai a ganina lafiyata ƙalau, baƙin ciki ne kawai. Amma sai in zuba gishiri a miya sau biyu. Sai in idar da sallah in rasa ko raka'a nawa na yi. Sai in ɗebo ruwan alwala a buta in ajiye a inda Malam yake zama, sai ya huce in tuna. Duk wannan ba wanda ya sani sai ni da Allah, har ranar wake.

Na ɗora wake a murhu, na shiga ɗaki ɗauko kanwa, na ga rigar Malam a rataye, na zauna a bakin gado. Ban san iya zaman da na yi ba. Ruwa ya ƙone, wake ya ƙone, tukunya ta yi ja, murfin ya yi tsalle ya daki kwanon rufi da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe. A wancan zamanin kuwa ƙara da hayaƙi ba abin wasa ba ne. Layinmu kaf ya watse. Mai shayi ya bar tukunyarsa, tela ya fita da awo a wuya, wata mata ta ɗauki ɗan maƙwabciya ta bar nata. Har 'yan sintiri suka zo da sanduna. Aka leƙo aka tarar da ni zaune da riga a cinya.

Da yamma sai ga Isiyaku, autana, wanda yake koyarwa a makarantar gwamnati, gidansa a unguwar Hammadu Kafi. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna," ya ce, "in kin fita takaba zan zo in ɗauke ki. An gyara miki ɗaki. Zaman nan ke kaɗai ba zai yiwu ba."

"Wa ya ce ni kaɗai ce? Ga baiwata nan a jikin katanga."

Ya Falmata tana bakin ƙofa, ta ce, "A'a Fulata, kada ki sa ni a ciki. Ni wuta na guda na zo nan, ba zan zo ki gasa ni da wake ba."

"Inna, hankalinki ba ya tare da ke," in ji Isiyaku, a hankali, kansa a ƙasa.

Nan fa ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na miƙe zaune na ce, "Hankalina? Ni? Kai da ka yi boko, ba a gabanka aka ce inji ya auna kaina ba? A duk garin nan wa ya kai ni? Tukunya ɗaya ta ƙone shi ne za a kwashe ni kamar kayan wanki?"

Ya ce wancan tun Baba yana da rai ne. Na ce kai ai ba tuwo ba ne da zai kwana ya canza. Abin da inji ya gani yana nan inda yake. Sai na yi maganar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na ce, "An ce za a sake kiranmu. Ka zo ka zauna ka gani da idonka. In inji ya maimaita abin da ya faɗa, ka bar ni a ɗakin ubanka har in bi shi. In bai maimaita ba, ranar ka ɗauke ni, ko tari ba zan yi ba. Baiwata, ke shaida ce."

"Na shaida," in ji Ya Falmata. "Bafulatana ta yi rantsuwa a kan saniya, ai magana ta ƙare."

Isiyaku bai so ba, amma ya ce to.

Allah da ikonsa, kiran asibiti ya zo daidai da fitata takaba, washegari ne za a je. Ranar fita takaba kuwa kun san yadda ake yi. Mace ta yi wanka, ta canza kaya, a yi sadaka, a yi mata kitso, ta shafa mai, ta koma cikin mutane. 'Yan'uwana sun zo daga ruga, sun kawo mini nono da fura da man shanu sabon kaɗi, mai ƙamshi, cike da ƙwarya. Ya Falmata da kanta ta zauna ta yi mini kitso, ƙanana ƙanana, ta ja su har girata ta ɗaga. Ta wuni tana yi tana zagin gashin Fulani wai santsi gare shi kamar na masara. Da ta gama na kwaso man shanu na cika kowace tsaga, na bi na sake bi.

Isiyaku ya gani ya ce, "Inna, sun fa ce a zo da kai a wanke, kada a shafa mai."

Na ce, "Mai suka ce. Wannan man shanu ne, magani ne. Shi ke sanyaya ƙwaƙwalwa, da shi aka rene ka. Wancan karon na je kamar wadda aka koro, wannan karon matar da ta zo ta ɗaya za su gani."

Da safe kuma na yi wata dabarar. Na ce jarrabawa ba a yin ta da yunwa. Na dama fura mai kauri da kindirmo, na shanye ƙwarya guda, na ƙara. Goro kuwa tun rasuwar Malam ban sake sa shi a baki ba, ba na iyawa. (Duk wanda ya san abin da fura take yi wa mutum da hantsi ya riga ya san inda labarin nan ya nufa. Ni da na sayar da ita shekara da shekaru, ni ce ban tuna ba.)

Ban tsaya a Isiyaku da Ya Falmata ba. Na aika aka kira mini mata biyu na layinmu, cikin waɗanda suka fi yin gudu ranar wake, na ce su zo su ga kan da suke cewa ya taɓu. Muka cika adaidaita. A shingen sojoji aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, ga rana ta buɗe. Kafin mu kai ƙofar asibiti man shanu ya narke, yana bin bayan kunnena yana gangarawa wuya, ƙudaje suna rakiya. Matar da ke laluba mata a ƙofa ta matso, ta ja hanci, ta ce, "Mama, abinci ba a shiga da shi." Na ce ba abinci ba ne, ni ce.

Likita Rahila ta gane ni. Ta tambayi Baba, na gaya mata. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta yi mini ta'aziyya, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce in ban shirya ba a ɗaga zuwa wani lokaci. Da na karɓi wannan tayi da yanzu ina ɗakina. Na ce a shirye nake tun jiya.

Isiyaku ya tsaya a waje, na cire ɗankwali. Likitar ta kalli kaina, ta kalli ma'aikaciyar da ke taimaka mata. Aka kifa hula, ta zame ta rufe mini ido. Aka gyara, ta zame ta ƙeya. Aka ɗaure ta a haɓa, wayoyin suka ƙi kama fata, zanen da ke cikin akwatinsu ya yi ta hauka kamar kaza ta bi ta kan gari.

"Mama, me kika shafa?"

"Ɗan man shanu ne, 'yata."

"Ɗan?" in ji Ya Falmata. "Likita, abin da ke kan nan zai soya wainar unguwa guda."

Ba yadda za a yi sai an tsefe an wanke. Ya Falmata da ta wuni jiya tana kitsawa, ita ta zauna tana tsefewa, tana cewa ita dai ta ga ta kanta, ta baro garinsu ta zo ta zama baiwar Fulani da gaske. Matan layinmu suna taya ta suna ƙunshe dariya. Aka sunkuyar da ni a wurin wanke hannu, aka yi ta cuɗa kaina da sabulu da ruwan ɗumi, a zubar a sake, sai ka ce ana wanke hanjin rago. Ni tsohuwa, jiya na fita takaba, ga ni a duƙe ɗaliban likita suna wucewa suna gaishe ni.

Duk da haka ban saduda ba. Da aka kifa hula ta zauna, aka yafa mini mayafi a kai, na ce sai an shigo mini da mutanena. Likitar ta ce ba a yin haka, ɗakin shiru yake so. Na ce in ba su shiga ba ni ma na fasa. Ta yi ajiyar zuciya, ta sa aka jera su a benci a bayana, ta ce kada wanda ya yi motsi. Aka rage haske.

Akuya. Akuya. Saniya, na danna. Na ɗan waiga don in ga ko Isiyaku ya gani, kafin in juyo wata ta wuce. Na ce ba komai. Akuya, akuya, akuya. Ɗakin sanyi, kaina ya sha ruwan ɗumi, fura ta fara bin jijiyoyina. Sai na tuna a wannan kujerar Malam ya zauna, ya riƙe wannan maɓallin da hannunsa. Na ji kamar ɗumin hannun yana nan. Na ce bari in ɗan lumshe ido ɗaya, ɗayan ya yi gadi.

Sai ga ni a ƙofar ɗakinmu da hantsi. Malam yana kishingiɗe a tabarma yana gyangyaɗi, faifan goronsa a gefe, ga wata akuya ta sa kai tana ci. Na ce Malam, bai ji ba. Na ce Malam, bai motsa ba. Akuya tana ta ci. Sai na buɗe murya iya ƙarfina na kira shi da sunansa, sunan da aka raɗa masa, na ce ya tashi akuya za ta cinye masa jari.

Muryata ce ta tashe ni. Haske a kunne, akwati ya daina nuna komai, maɓalli yana ƙasa kusa da ƙafata, miyau ya jiƙa mini mayafi. Sunan nan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ni gidansa, ko a ɗaki mu biyu, ga shi na kwarara shi a gaban ɗansa, da maƙwabta, da baƙi. Na waiga. Isiyaku ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwar wandonsa. Matan layinmu kowacce ta kama bakin mayafi ta toshe baki. Na roƙi Allah ƙasa ta buɗe, ba ta buɗe ba.

Ya Falmata ce ta cece ni, da irin nata ceton. Ta tafa hannu ta ce, "Jama'a ku zo ku gani! Garke guda ya wuce ta gaban Fulata tana minshari! Wallahi da a ruga ne da yau an kore ki. Ni Babarbariya da kifi na sani, tun daga nan baya ina ƙirga miki shanu suna wucewa suna ɗaga miki wutsiya!"

Dariya ta ɓarke, har Isiyaku ya yi yana share ido. Ni ma na yi, ina yi ina kuka. Abin da ya fi ƙona mini rai a lokacin shi ne mai dariyar gaskiya ba ya nan. Wata da watanni yana jiran wannan rana, ya yi mini alkawarin riƙe mayafi, ga ranar ta zo har ta fi yadda ya zata, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Isiyaku ya tambayi likitar sakamako, ya kuma gaya mata sharaɗin da muka yi. Fuskarta ta canza. Ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"Mama, ai na yi muku bayani wancan karon. Ba ku muke aunawa ba, injin muke aunawa. Muna so mu gani, abin da ya faɗa a kan mutum yau, zai sake faɗarsa bayan watanni? In ba ya maimaitawa, ba za mu dogara da shi mu yanke wa kowa hukunci ba. Kin ga yau da farko zanen kanki yana tsalle in saniya ta fito, kusan kamar na wancan karon, hannun ne yake makara. Daga baya kuma kai da hannu duk suka tafi hutu. Barci yana canza shi, rashin barci yana canza shi, baƙin ciki ma haka. Wannan ba alƙali ba ne, ba zai ce ki zauna ko ki tashi ba."

Na ji kamar an miƙo mini igiya a rijiya. Na juya na ce, "Ka ji ko, Auta? Likita ta ce injin ba abin dogaro ba ne."

Ya matso ya durƙusa a gabana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ji, Inna. Amma ke kika ce inji ba ya ƙarya. In gaskiya yake faɗa, yau bai maimaita ba. In kuma ba abin dogaro ba ne, to na farkon ma haka, sai mu koma kan tukunya. Ita dai kowa ya ga ta ƙone."

Na duba gabas na duba yamma, duk ƙofofin ni na rufe su da bakina. Na ce ba zan yi tari ba, ban kuwa yi ba. A makon nan aka kwashe kayana. Gadon Malam bai shiga motar ba, aka bar shi. Isiyaku ya ba wa wasu 'yan'uwan Ya Falmata ɗakin, waɗanda suka iso ba su da wurin kwana.

Ba zan yi wa Allah butulci ba, a Hammadu Kafi ba abin da na rasa. Surukata tana da kirki, ko tsinke ba ta bari in ɗaga, murhu kuwa ko kusa da shi ba a bari in je. Sai dai in na farka da asuba ba muryar ladanin da na saba ba ce, bangon da nake kallo kuma bai san Malam ba.

Bayan wasu watanni aka sake kira, karo na uku. Wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na ce wa surukata awon jini zan je. Na wanke kai da sabulu, ban shafa komai ba, na sha ruwan shayi kawai, na hau adaidaita ni kaɗai. Na zauna na yi abin da aka ce in yi. Da aka gama Likita Rahila ta ce, "Mama, yau kam kusan kamar na farko." Na waiga bayana. Benci ne kawai.

A hanyar dawowa na ce mai adaidaita ya bi da ni Tudun Wada. Ƙofar ɗakinmu an sa mata sabon labule, an shanya kayan jarirai a igiyar da Malam ya ɗaura. Ban shiga ba. Na leƙa wurin Ya Falmata, na tarar tana tankaɗe. Bayan mun gaisa na sunkuya na ce mata a hankali, "Baiwata, daga asibiti nake. Yau ko saniya ɗaya ba ta wuce ni ba."

Ta ajiye rariya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wa ya gani?"

To abin da na koya ke nan, da tsufana. Hankalin da mutum ya kwana da shi ba lallai ne da shi zai tashi ba, yau yana gida, gobe ya tafi kiwo bai yi sallama ba. In an yaba maka shi rana ɗaya, ka ce alhamdulillahi ka ja bakinka, kada ka ɗora ɗakin kwananka a kai. In kuma ka ƙi ji sai ka kira shaidu, to don Allah ka bar furar sai ka dawo.